Gyaren Kawu Arvid

Smithers, 9 ga Nuwamba, 1997

Kawu Arvid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da Mama take cewa ta fi gidan rediyo sanin ranar da dusar ƙanƙara za ta sauko. Ni lafiya ƙalau. Na san sai ka juya ambulan ɗin nan sau biyu kana tunanin wace ce. Maren ce, 'yar Britta, ni ce na kifa maka kofi a wando ranar jana'izarta. Da waya zan buga, to an ce tun da nakiyoyin aiki suka cinye maka kunne ba ka ɗagawa, sai dai ka tsaya kana kallonta har ta gaji ta yi shiru.

Tun watan Satumba na kama aikin jinya a asibitin garin nan. Dutsen da ake wasan zamiya a kan dusa yana bisa kanmu, ta tagar ɗakin haihuwa ma ana hango kujerun da suke kai mutane samansa. Tun ina shekara shida nake zamiya, kuma ba yabon kai ba, na iya. Amma na gaji da bin layi da gyararriyar hanya wadda mutum dubu suka riga ni takawa. Akwai mutum biyu a wurin aikinmu, Hollis Brandt likita da Anselm Thibault mai haɗa magani, su ba ruwansu da kujeru. Da ƙafa suke hawa can bayan igiyar da ta kewaye filin zamiya, su sauko inda ba sawun kowa. Sun ce in na haɗa kaya in bi su bana.

Kai ka yi shekara talatin kana tsare hanyar mota daga zaftarewar dusa, kuma a danginmu kai kaɗai ka rage da zan tambaya. Me nake bukata, me kuma zan kiyaye? Roƙona ɗaya, kada ka ce kada in je, don zan je.

Taka,
Maren

Revelstoke, 21 ga Nuwamba

Maren,

Takardarki ta iso, na gode. Lafiyata lau in an cire gwiwa da kunne, su ma ba ciwo suke ba, ritaya suka riga ni yi. Wandon na tuna da shi. Tabon bai fita ba har yau.

Ba zan ce kada ki je ba, uwarki ma ba a taɓa hana ta abu ta hanu ba. Amma ki cire wa ranki cewa kin iya. Inda kike zamiya a cikin igiya, wasu ne suka yi sammako suka jefa nakiya, mota ta bi ta daddaɓe, sannan kika zo kina yanga. Bayan igiya babu wanda ya yi sammako dominki.

Dusa hawa-hawa take kwanciya, kowace saukowa da shimfiɗarta. In aka yi kwanaki sama tana tas ga sanyi, samanta yakan yi wani ƙyalli garas-garas. Sabuwa ta zo ta rufe shi, ido ba ya ganin komai sai fari sumul, alhali tabarma ce aka shimfiɗa a kan tsaba. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tura gangare guda ƙasa. In kin taka kika ji ƙasa ta ce gim a ƙarƙashinki, ki juya gida ko da saura taku goma ki kai ƙololuwa. Gangare mai tsayi ɗaya-ɗaya ake saukarsa, sauran su tsaya gefe suna kallo. In mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, kowa ya fasa, ba a tambayarsa dalili.

Na sa miki kaya a fasil. Akwai fatun hawa, waɗanda ake mannawa a ƙarƙashin allunan zamiya don kada su ja ki baya. Akwai shebur, da sandar soka dusa mai naɗewa. Sai gyare. Haka muke kiran na'urar neman wanda dusa ta binne, saboda kukanta. A jikinki za ki rataya shi, ƙarƙashin riga, ba a jaka ba. In maɓallin yana ciki, kuka yake aikawa. In wani ya nutse, ki ja maɓallin, ki sa abin ji a kunne, kukan nasa gyaren zai riƙa ƙaruwa kina matsowa. Minti goma sha biyar gare ki, bayan nan yawanci gawa ake tonowa. Wannan nawa ne, shekara goma sha tara ina rataye da shi, mutum biyu ya fitar da rai. Abokanki za su yi dariyar tsufansa, ki ƙyale su, da tsohuwar zuma ake magani.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk na sama. A bakin mota, kafin kowa ya ɗaura allo, mutum ɗaya ya tsaya da gyarensa a kan saurare, ku wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya ji kukan na kowa da kunnensa. Sannan wani ya saurari nasa. Kullum ake yi, ko da jiya an yi.

Kawunki,
Arvid

Smithers, 14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan sanyin bana bai matsa wa gwiwa ba. Fasil ya iso lafiya, na gode ƙwarai. Na ɗan yi mura mako ɗaya, ta wuce.

Sau uku muka fita. Ranar farko na manna fatun a juye, gashin yana kallon inda bai kamata ba. Ina ɗaga ƙafa ina zamewa baya, su suna gaba ina komawa wajen mota. Anselm ya waiwayo ya ce, "Malama nas, gida kika tuna ne? Mu dai sama muka nufa." Ya sauko ya gyara min yana ta dariya har hawaye ya daskare masa a gemu. Mutum ne mai surutu, hawan awa uku bakinsa bai huta ba, daga labarin 'ya'yansa mata biyu sai na miyar waken matarsa Colette, wadda yake ɗaukowa a fulas ya tilasta wa kowa sha. Hollis kuwa in ya yi magana goma a yini to an yi hira.

Juyawa a tsakiyar gangare ita ce har yanzu take kayar da ni, ƙafa ɗaya tana gabas ɗaya tana yamma. Amma saukowar, Kawu! Dusa har cinya, babu ƙara, babu kowa. Yanzu na gane abin da ya hana ka zama a birni.

Gyaren ya sha kallo. Anselm ya ce a gidan tarihi na sato shi. Su nasu sababbi ne, bana suka saya, har da ƙananan fitilu masu nuna hanya. Sai Hollis ya juya bayan nawa ya ga sunanka da ka kankare da wuƙa, ya ce, "Arvid Sollie na hanyar dutse? Kawunki ne?" Ashe a kwas ɗin da ya yi har labarin motar bas ɗin da kuka tono aka ba su. Tun ranar Anselm ya daina tsokanar gyaren, ni ma darajata ta ɗan ƙaru. Mun duba shi, na sa sabon batir, lafiyarsa lau.

Ranar Lahadi na ji gim ɗin da ka faɗa, a wani fili kusa da bakin itatuwa. Na ce ban yarda ba. Ba wanda ya yi musu, muka juya. Na so ka gani.

Barka da Kirsimeti tun yanzu. Na sa maka safar ulu a cikin ambulan, in ta yi maka kaɗan ka ba kare.

Maren

Revelstoke, 2 ga Janairu, 1998

Maren,

Barka da sabuwar shekara, da fatan murar ba ta dawo ba. Safa ta yi daidai. Ba ni da kare, ya mutu shekara uku ke nan, ba ki da labari ne.

Na ji daɗin juyawar da kuka yi fiye da duk labarin dusa har cinya. Masu saukowa suna da yawa, masu juyawa ne suke tsufa. Na kuma ji daɗi da kika ce kun duba gyaren. Likitan naki da alama ya san abin da yake yi. Maganar bas kuwa, ki gaya masa mu tara ne, kuma shebur ne ya yi aikin, ni tsawa kawai na yi ta yi wa mutane.

Juyawa a gangare ba ta da wani sirri. Ki kafa sandunan biyu sama da ke, ki ɗaga ƙafar sama ki juya ta gaba ɗaya, sannan ki harba dugadugin ta ƙasa ta biyo. Za ki faɗi sau ɗari, a na ɗari da ɗaya ki daina.

Nan tun kafin Kirsimeti ba gajimare, kwana goma sha biyu sama tas, ga sanyi mai fasa itace. Jiya na leƙa bayan gida na ga ƙyallin nan ya kai faɗin farce. Na ga a taswirar yanayi ku ma haka ne a arewa. Duk dusar da ta sauko a kan wannan, ki yi mata kallon maƙiyi har ƙarshen Fabrairu. Ku tsaya cikin itatuwa da gangare mai sauƙi. Dutsen ba inda za shi, baɗi ma yana nan.

Arvid

Smithers, 19 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, aikin ya yi yawa, mutum biyu sun tafi hutu an bar mu da ɗakuna uku. Allah ya ji ƙan kare, ban sani ba.

Gobe Talata za mu shiga daji kwana shida, ni da Hollis da Anselm. Ƙungiyar masu hawa ta garin nan tana da wata bukkar katako a ƙarshen kwari, tafiyar awa biyar daga inda mota take tsayawa. Akwai murhu da itace, babu waya, babu rediyo, abin da Hollis ya fi so ke nan. Colette ta dafa mana abincin da zai ishi sojoji, Anselm zai ja shi a bayansa kamar jaki.

Na karanta musu abin da ka rubuta a kan ƙyallin. Hollis ya ce haka ne, ya haƙa rami makon jiya ya gan shi, don haka cikin itatuwa za mu tsaya sai in abin ya daidaita. Ka kwantar da hankalinka. Juyawa kuma na kai faɗuwa ta tamanin, saura kaɗan.

Lahadi za mu fito, zan rubuto maka labari.

Maren

Revelstoke, 21 ga Janairu

Maren,

Ina fatan kina lafiya. Kada ki sake fita da gyaren nan. Ki cire shi daga wuyanki ki sa a aljihun tebur, ki ari na wani ko ki zauna a gida.

Yau da safe Petra Lindqvist ta zo shan kofi. 'Yar abokin aikina ce, yanzu tana cikin masu tsaron dutsen garin nan. Ina cikin cika baki na ce mata na aika miki nawa. Ta ajiye kofin ta ce, "Baba Arvid, wane? Jan nan na zamanin Babana?" Na ce shi. Ta ce, "Abokanta wane iri suke ɗauka?" Na ce sababbi, masu fitila. Ta fita mota ta ɗauko nata. Ina da na matata marigayiya Signe a akwati, irin naki sak, tare muka saye su. Muka kunna muka ajiye su a teburin kicin, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Nata bai ji nawa ba, nawa bai ji nata ba.

Kamar rediyo ne, zango biyu ne, tsoho da sabo. Na san an yi wannan canji. Amma a shekaruna na ƙarshe a aiki, waɗanda ake raba wa ma'aikata suna kama duka biyun, don haka kullum ana jin nawa, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Waɗanda ake sayarwa yanzu sabon zango kaɗai suke ji. In dusa ta rufe ki, su Hollis za su iya tsayawa a kan bayanki ba su ji komai ba.

Na ɗauko takardarki ta Disamba na ce wa Petra ai kun duba. Ta karanta ta ce, "Ta ce ta sa batir. Ba ta ce wani ya ji kukansa ba." Na sake karantawa, gaskiyarta. Ni na ƙara sauran da kaina, don abin da nake so in ji ke nan.

Petra ta buga waya asibitinku aka ce tun jiya kun shiga daji. Aka haɗa ta da matar Anselm, ta gaya mata komai, ita kuma ta faɗi sunan bukkar. Shugaban ƙungiyar ya ce dusa take zubowa tun tsakar rana, jirgi ba zai tashi ba, kwarin kuma ba ya shiguwa sai ta tsaya. Ya yi alkawari da ta ɗauke zai tura mutum biyu da saƙo da gyare sabo. Petra ta ce muddin ana wannan zubowar ku ma kuna cikin bukka. Na san takardar nan a ƙofarki za ta kwanta har ki dawo, ina rubutawa ne don ban san me zan yi da hannuna ba.

Arvid

Revelstoke, 27 ga Janairu

Maren,

Takardarki ta ranar sha tara jiya ta iso. Petra ta zo da labari tun ranar Asabar da yamma, an ce mutum ɗaya ya rasu, ba a faɗi suna ba sai Lahadi. Kwana ɗaya na yi ina zaton ke ce. Da aka ce Anselm ne na ji sauƙi a raina, kuma ina jin kunyar wannan sauƙin.

An ce ba ki ji rauni ba. Petra ta buga waya gidanki sau shida ba a ɗauka. Ba na neman dogon bayani, layi ɗaya ya isa.

Arvid

Smithers, 8 ga Fabrairu

Kawu,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya, sai yatsu biyu da sanyi ya ɗan taɓa, za su warke. Takardunka biyu na tarar, na karanta su a jere. Zan gaya maka yadda aka yi sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ba mu taɓa yin wucewar da ka ce ba, ko sau ɗaya. Ranar farko a Disamba Hollis ya ciro nasa zai yi, sai ya ga sunanka, hira ta ɗauke mu. Na nuna masa jar fitilar tana ƙyaftawa, ya ce, "Gyaren Arvid Sollie ai ya fi mu sanin dutse." Daga nan abin ya zama tambaya a bakin mota, "An kunna?" kowa ya daki ƙirjinsa ya ce an kunna. Ranar Talatar sanyi ya kai ashirin da takwas ƙasa da sifili, ga iska. Na tuna da maganarka, na kalli hannuwan Anselm suna rawa, na ji nauyin in tsayar da manya biyu a kan dokar da ni ce baƙuwa a cikinta. Na yi shiru.

Kwana uku muna cikin bukka ana zuba dusa. Asabar gari ya waye tas. Muka hau ta cikin itatuwa kamar yadda muka shirya. A sama akwai wani buɗaɗɗen wuri, bai fi filin ƙwallo ba, ba shi da tsayi sosai, itatuwa hagu da dama. Hollis ya soka sanda ya zare, ya sake sokawa. Anselm ya ce, "Likita, kwana uku ina shaƙar safarka, ka bar ni in sha iska." Aka kalle ni. Ban ce ban yarda ba.

Ɗaya-ɗaya muka yi, wannan kam mun kiyaye. Ni na fara, na sauka na tsaya bayan wani dutse a gefe. Anselm ya biyo. A juyawarsa ta huɗu na ga layi ya tsage a bayansa daga wannan itatuwa zuwa wancan, wurin duka ya taho. Na bi hularsa da ido har ta ɓace. Da abin ya tsaya, bakinsa bai fi taku talatin daga inda nake ba.

Na yi duk abin da ka koya min. Na ja maɓalli, na sa abin ji a kunne, na hau kan tarin ina tafiya layi-layi. Babu komai sai shuuu. Na ɗauka ya yi zurfi ne, ko na ruɗe, na sake bi. Hollis yana can sama, kuma rabin dusar bai faɗo ba, yana rataye a kanmu, dole ya zagayo ta cikin itatuwa. Minti goma sha huɗu ya ɗauka. Yana isowa fitilunsa suka kama, cikin minti biyu sandarsa ta taɓa Anselm. Sawuna yana wurin, Kawu, sau biyu na bi ta kansa. Zurfin ya kai ƙirjina, muka yi minti goma sha ɗaya muna haƙa.

Likita da nas ne a kansa, ba abin da ba mu yi ba. Muna cikin yi mutanen ƙungiya biyu suka iso, sun je bukka sun tarar ba kowa suka biyo sawunmu. Ɗayan ya miƙo min sabon gyare da takarda daga Petra, don abin da aka aiko shi ya yi ke nan, bai san me kuma zai yi ba.

Hollis ya ce ko da na same shi nan take ba tabbas. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san lokacin da likita yake faɗin magana don a samu barci. Colette ta san gyarena kurma ne tun ranar Laraba. Ta ce kwana uku ta yi tana yi min addu'a, ni, don ita ma ta ɗauka ni ce a cikin haɗari. Ba ta ɗaga min murya ba. Ta tambaye ni ko ya sha miyar, na ce ya sha.

Kai ka aiko, ni na rataya, Hollis bai saurara ba, mu uku muka ga wurin muka yarda. Na gwada raba laifin, ba ya rabuwa. Ba na fushi da kai, amma kada ka zo yanzu. Mai binciken mutuwa ya karɓi gyaren, ya ga sunan, wataƙila ya rubuto maka.

Maren

Revelstoke, 3 ga Maris

Maren,

Gaisuwa, da fatan yatsun sun warke kuma kina cin abinci. Ni ina nan. Na jinkirta amsa ne don ba na so in aiko miki da ban haƙuri kawai, kina da masu ba ki shi da yawa.

Ba zan zo ba sai kin ce. Mai binciken bai rubuto ba, ni na riga shi. Na gaya masa nawa ne, ni na aika, na kuma san da canjin zango ban bincika ba. Na ce ya sa sunana a rahoton yadda kowa zai gani, tunda sunan ne ya tsaya a madadin kunne a bakin mota. Na rubuta wa Colette ma, shafi ɗaya. Ban nemi gafara ba, wannan ba abin da ake nema ta gidan waya ba ne. Kin ce laifin ba ya rabuwa, haka ne, amma ki sani kin yi shiru ne minti ɗaya a cikin sanyi, ni kuwa na yi wata biyu a ɗaki mai ɗumi ban tambayi kowa ba. Ina baƙin ciki, Maren, irin wanda ban taɓa yi ba ko a kan gawarwakin da na tono.

Ga abin da nake yi. Shekarar da na sayi nawa, mu goma sha ɗaya muka yi odar su tare a wurin aiki, da na Signe goma sha biyu. Na zauna na rubuta sunaye. Huɗu sun mutu, sai na bi matansu da 'ya'yansu. Petra take tuƙa ni ranar da ba ta aiki, ita take magana a bakin ƙofa tunda ni ba na jin amsa. Ba kowa ne ya ji daɗin ganinmu ba. Wani tsohon abokina ya ce min nasa bai taɓa ba shi kunya ba, ya fi na yaran yanzu. Petra ta ajiye nata kusa da nasa a kan tebur, muka zauna mu uku muna jira ɗaya ya ji kukan ɗaya. Da ya gaji ya tura min shi.

Takwas suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, da na Signe, duk na cire musu batir. Naki yana hannun hukuma. Ɗaya an tabbatar min ya tafi bola tun tuni. Saura biyu, kuma duka biyun ba sa gida, an ba da su kyauta kamar yadda na yi. Ɗaya yana wurin wata malamar makaranta a Nelson, an same ta a waya jiya, ta ce tun Disamba take fita da shi duk mako. Ɗayan matar abokin aikina marigayi Otto ta ba surukinta a Golden, ba ta da lambarsa, ta dai ce ranar Asabar yakan hau dutse.

Yau Talata. Gobe da safe za mu kama hanyar Golden, in an buɗe ta.

Kawunki,
Arvid